Ra'ayi: Kannywood, Ina Matan Kimiyya a Fina-finanku?

Duk wanda ke zaune a Zakirai ko ƙauyukan Gabasawa ya san yadda fim yake shiga gida a yau. Yaro zai kai memori wurin masu turi a cika masa, da daddare 'yan mata su zagaye waya guda a tsakar gida har caji ya ƙare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin matan da ake nuna musu. Ko uwargida mai ƙulla wa amarya sharri, ko budurwar da ke kuka saboda saurayi ya juya mata baya, ko uwar miji da ke safa da marwa gidan boka. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, fiye da shekara 30 ke nan, masana'antar nan ta kasa ba mu mace guda da za a tuna da ita saboda abin da ta ƙera ko ta gano. Wani lokaci akan sa wa jaruma farar rigar likita, amma kafin a yi nisa labarin ya koma kan wanda zai aure ta. Wannan cin amanar 'ya'yanmu ne.

Masu cewa fim nishaɗi ne kawai su duba abin da ya faru a Amurka. A 1966 aka fara shirin talabijin na Star Trek, labarin jirgin da ke keta sararin samaniya a wani zamani mai zuwa. A cikin jirgin akwai Laftanar Uhura, baƙar fata, jami'ar sadarwa, wadda Nichelle Nichols ta fito a matsayinta, a lokacin da aka saba nuna baƙar mace a matsayin 'yar aikin gida. Wata yarinya a Chicago mai suna Mae Jemison ta riƙa kallon shirin. Ta girma ta zama injiniya kuma likita, a watan Satumba na 1992 ta shiga kumbon Endeavour, ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya, kuma da bakinta ta faɗi rawar da Uhura ta taka a burinta. Hukumar NASA ma sai da ta nemi Nichols a 1977 ta taya ta jawo mata da baƙaƙen fata cikin aikin. A 2018 fim ɗin Black Panther ya zo da Shuri, matashiyar da ke riƙe da fasahar ƙasarta baki ɗaya. A 2024 'yan Najeriya na kamfanin Kugali suka haɗa kai da Disney suka fitar da Iwaju, labarin wata yarinya a Legas ta gobe. Mu kuwa muna nan kan kishi da sakin aure.

Za a ce babu kuɗi. Ban yarda ba. Uhura kujera aka ba ta da 'yar na'ura a kunne, sauran aikin marubuci ne ya yi shi. Kuɗin da ake kashewa wajen hayar katafaren gida a Nasarawa da jerin motoci da ɗinkin biki ya isa a haɗa ɗakin gwaje-gwaje mai kyau. Talaucin da ke damun masana'antar na tunani ne, da ƙyuyar zama a yi bincike kafin a ɗauki alƙalami.

Za a ce irin wannan labari baƙo ne ga Bahaushe. Wanda ya faɗi haka bai san adabinsa ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi tafiya a sararin samaniya, da Hausa tsantsa, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Za kuma a fake da addini, kamar mace mai ilimi ta saɓa wa tarbiyya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru wanda ya kai karatu ga matan ƙauye. Injiniya cikin hijabinta, da mutuncinta, wace doka ce ta Hukumar Tace Fina-finai ta hana a nuna ta?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jarumar da ake nema tana nan kusa da mu. A Wangara ta ƙaramar hukumar Gezawa, maƙwabciyarmu, aka haifi Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id a 1963. Ta yi aure tana da shekara 18, ba ta shiga jami'a ba sai tana da 29, da 'ya'yanta. A yau farfesa ce ta kimiyyar Fiziks a Jami'ar Bayero, bincikenta kan iska da yanayin sararin samaniya ne. A 2015 ta karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier, a shekarar kuma BBC ta sa ta cikin jerin mata 100 na duniya. Ku tambayi 'yan matan sakandare a Zakirai ko sun san ta. Sannan ku tambaye su sunayen jaruman Labarina ko Izzar So, ku ji yadda za su jero su ba gargada.

Kayan labari kuwa ga su nan birjik a gonakinmu. Dattawa ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin Arewa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Har gobe wuta-wuta na tsotse gero da dawa, damina na zuwa a makare, rijiyoyi na ƙara zurfi. A rubuta Zakirai ta shekara 50 masu zuwa, ruwa ya yi ƙaranci, wata 'yar manomi ta dawo daga karatu da irin da zai jure fari, 'yan kasuwar hatsi na neman su ga bayanta. Akwai tashin hankali a nan, akwai sadaukarwa, har soyayya za ta samu gurbinta ba tare da ta haɗiye komai ba. Yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli idan ta ga wannan, za ta kalli darasin lissafi da wani ido daban.

Ina kira ga marubuta da furodusoshi da tashoshi irin su Arewa24: ku ba mu shiri guda, ko zango ɗaya ne, wanda jarumarsa masaniyar kimiyya ce daga farko har ƙarshe. Ku shiga Jami'ar Bayero ku nemi malamai mata su duba muku rubutun. Ku kuma iyaye, ku san abin da ake tura wa 'ya'yanku a waya, ku daina ba da kuɗinku ga fim ɗin da ke koya wa yarinya cewa iyakar gwanintarta ita ce ta kori kishiya. 'Ya'yanmu mata sun fi ƙarfin wannan, kuma haƙƙinsu yana wuyanku.