Kwamin Kifin da Ke Cika Kansa

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, magana ce a kan ruwa da kifi, kuma matasanmu na Birnin Kudu da Gwaram da suka rungumi kiwon tarwada a bayan gida nake nufi da ita.

A Turai da Amurka akwai masu ajiye wani yanki na teku a falonsu, cikin akwatin gilashi, da kifaye masu launi da murjani mai rai. I, dangin murjanin nan da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, wanda asalinsa halitta ce ta teku. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. To idan ruwan akwatin ya tafi a tururi, ruwa kaɗai ke tashi, gishirin na nan, sai abin da ya rage ya ƙara zartsi, shi kuwa murjani ba ya jure wannan hawa da sauka. Don haka sai su haɗa wata 'yar na'ura da hannunsu: abu mai yawo a saman ruwa, ruwa na sauka ya kunna ƙaramin famfon lantarki, ya zuba tataccen ruwa marar gishiri, ya kai layi ya kashe.

Mu ba mu da teku, murjaninmu na cikin adaka. Amma matsalar ɗaya ce da tamu. Duk mai kwamin siminti ko na tamfol ya san yadda iskar hunturu da ranar bazara ke lashe ruwa. Yi lissafi da kanka: kwami mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, in ruwansa ya sauka da santimita 1 kacal, lita 60 ta tafi, kusan jarka biyu da rabi ta 'yan garuwa. Ga shi kudancin Jigawa ƙasa ce mai dutse a ƙarƙashi, wanda ya ga Dutsen Habude da Dutsen Mesa ba sai an gaya masa ba, rijiyoyi da yawa kan ja baya kafin damina. Mutumin Gwaram ma da ke kusa da Kogin Bunga, ai ba a tsakar gidansa kogin yake ba.

Ni dai a ganina, kada wanda ya kashe kuɗinsa a kan irin ta Turawa mai lantarki. Wutar da ba ta tsayawa za ka ba amanar kifinka? Ko janareto, bayan yadda mai ya koma tun cire tallafi a watan Mayun 2023? Dabarar da ta dace da mu tuni tana gidajenmu, ba mu kula ba ne. Dubi mazubin ruwan kaji, wanda ake cikawa a kifa a kan faranti. Ruwa ba ya fita sai kaji sun sha, iska ta samu hanyar shiga, faranti na cika bakin ya toshe ya tsaya. Ko ka buɗe tankin masai na zamani, ka ga ƙwallon roban nan mai sanda, ruwa na hawa yana ɗaga shi har ya rufe bakin famfo. Shi ke nan fa! Ka ɗora duro a kan bulo ya fi kwamin tsayi, ka ja tiyo daga gindinsa, ka ɗaura wannan ƙwallo a daidai inda kake son ruwa ya tsaya. Kowane mai gyaran famfo zai haɗa maka kafin la'asar, nauyin ruwan ne ke yin aikin.

Sai dai tarwada ba ta da kunya. Za ta yi ta tunkuyin ƙwallon, gansakuka kuma ta kama sandar ta maƙale. Maganinsa a yanka tsohuwar jarka a huhhuda ta, a sa ƙwallon a ciki, a riƙa goge shi duk mako. Sannan ga wani darasi da masu murjani suka koya da asara: ba sa haɗa na'urar da babban tanki, sai ƙaramin mazubi na 'yan kwanaki, domin ranar da ta maƙale a buɗe, iya abin da ke cikinsa ne zai zuba. Kai ma kada ka haɗa ta kai tsaye da tankin rijiyar burtsatse. In ta maƙale cikin dare kwami ya tumbatsa, ka san tarwada na jan ciki a ƙasa, da safe sai dai ka bi kwata kana tsinta, abin da maguna suka rage maka. A bar tazara tsakanin ruwa da bakin kwami, a kuma yi ƙaramar mafita mai raga a sama. Duron yana da wani amfanin: ruwan famfo mai kulorin in ya kwana a buɗe maganin kan fita, na burtsatse kuma ya sha iska kafin ya isa ga kifi.

Inda nake jin tsoro shi ne lalaci. Cika ruwa daban, canja ruwa daban. Yadda gishiri ba ya bin tururi, haka kashin kifi da ragowar abinci ba sa bi, suna nan a ƙasa suna ruɓewa suna fitar da amoniya mai ƙona musu hanyar numfashi. Tarwada kuwa tana iya shaƙar iska ta sama, shi ya sa take daɗewa cikin ruwan da zai kashe karfasa, mai ita ya leƙo ya ga kwami cike taf ya ce lafiya lau. Sai ta rage cin abinci, girma ya tsaya, wata huɗu ya zama shida, buhunan abinci na ta tafiya. Mai ɗibar ruwa da bokiti dole ya sunkuya kullum, hancinsa ya gaya masa gaskiya. Wanda ya sa ƙwallo, sai ya tsayar wa kansa ranakun buɗe bututun ƙasa, ya rufe tiyon duro tukuna, ya zubar da ruwan ƙasa mai dauɗa a kan shukar alayyafo ko zogale, sannan ya sake buɗewa.