Ƙamshin abinci dukiya ne

Mace mai sayen daudawa a kasuwa ba ta tsayawa ga kallo kaɗai. Takan ɗauki guda ta kai hanci, sa'an nan ta taya. Haka mai sayen mangwaro yake yi, haka mai sayen kilishi. Sau da yawa hanci ne ke yanke ciniki.

A ƙasashe da dama akwai masana waɗanda aikinsu shi ne binciken ƙamshi. Suna so su san abin da ke ba albasa, tumati, shinkafa ko kafe ƙamshinsu. Wasu mutane in sun ji haka sai su yi dariya, su ce: "Ƙasar da ke fama da fari da ƙarancin hatsi, ina ruwanta da ƙamshi? A cika rumbu tukuna." Maganarsu tana da nauyi, gama yunwa ba wasa ba ce. Amma ba ta cika ba. Ƙamshi yana cikin abin da ke sa a sayi amfanin manomi da daraja. Kuma yana iya ɓacewa in ba a kula da shi ba. Don haka ya kamata Nijar ta binciki ƙamshin abincinta da kanta.

Mine ne ƙamshi?

Hausawa na cewa hanci bai san daɗin gishiri ba. Gaskiya suka faɗa. Gishiri ba ya tashi cikin iska, harshe ne ke jin shi. Harshe kuwa abu biyar yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗano irin na romon nama. Mafi yawan sauran daɗin abinci aikin hanci ne.

Cikin abinci akwai wasu ƴan ƙananan sinadarai marasa nauyi. Ido ba ya ganin su. Sukan tashi su bi iska su shiga hanci. In mutum yana tauna, sukan bi ta bayan maƙogwaro su hau can cikin hanci. Shi ya sa mai mura yakan ce miya ba ta yi daɗi ba, alhali miyar lafiyarta lau, hancinsa ne ya toshe.

A shekarar 1991 wasu masana biyu na Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano yadda hanci ke gane waɗannan sinadarai. Akwai wasu ƴan makamai a can saman hanci, kamar kuba da mabuɗi. In sinadarin da ya dace ya zo, sai saƙo ya tafi ga ƙwaƙwalwa. Ɗan Adam yana da irin waɗannan makamai wajen iri 400. Saboda wannan aiki aka ba masanan biyu kyautar Nobel a 2004.

Ƙaƙa ake binciken?

Ƙamshin abinci ba sinadari guda ba ne, taro ne. A cikin soyayyen kafe kaɗai an ƙirga fiye da 800. Kafin a san su sai an raba su ɗaya-ɗaya. A 1952 Archer Martin da Anthony James na Ingila suka fito da wata dabara ta yin haka. Na'urar da ake aiki da ita yau tana da wani siririn bututu mai tsawon mita 30 ko fiye, a naɗe cikin akwati mai zafi. Akan tura tururin abincin ta baki ɗaya. Sinadaran su shiga tare, kamar dawaki a filin sukuwa. Wasu su yi sauri, wasu su yi nawa, har kowane ya fito shi kaɗai ta ɗaya bakin.

A nan sai na'ura ta biyu ta auna shi ta faɗi sunansa. Amma na'ura ba ta san daɗi ba. Dole a sa mutum ya zauna bakin bututun yana sansana, yana faɗin abin da ya ji: wannan kamar ɗanyen haki, wannan kamar soyayyar gujiya, wannan ba ya da ƙamshi ko kaɗan. Ta haka aka gane wani abin mamaki. A 2014 masana na birnin Munik a Jamus suka nuna cewa cikin sinadarai wajen 10.000 masu tashi daga abinci, wajen 230 ne kawai ke ɗauke da nauyin ƙamshi. Kowane abinci yana haɗa nasa ƙamshi da sinadarai tsakanin 3 zuwa 40 daga cikinsu, kamar yadda ƴan baƙaƙe kaɗan ke rubuta kalmomi masu yawa.

Abin da aka gano cikin tukunya

Albasar da ba a yanka ba ba ta sa hawaye. Tana girma tana jawo farar wuta daga cikin ƙasa, tana ajiye ta cikin jikinta. Da wuƙa ta ratsa ta, sai abubuwan da ke rabe a ciki su gamu. Nan take wani sinadari mai yaji ya tashi ya shiga ido, wasu kuma su ba ta ƙamshinta. A 2002 Shinsuke Imai da abokan aikinsa na Japon suka gano ainihin abin da ke ƙera sinadarin hawayen. An kuma san cewa ƙarfin albasa ya danganta ga irinta, da yawan farar wuta a cikin ƙasa, da ruwa, da zafin rana. Masu iya magana sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Bincike ya nuna halin iri da na ƙasa ta yi.

Ɗanyar gujiya ƙamshinta kaɗan ne. In an soya ta, unguwa duka sai ta sani. Wani masani na Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana dalili a 1912. In wuta ta taɓa abinci, sukarin da ke cikinsa yakan haɗu da sinadaran gina jiki. Abincin ya yi ja, sababbin sinadaran ƙamshi su fito. Abin da ke faruwa ke nan ga ƙuli-ƙuli, da burodi, da gabu in an soya shi, da kilishi sa'ad da aka kara shi ga wuta. In wuta ta yi kaɗan, ƙamshi ba ya fitowa. In ta yi yawa, sai ƙauri da ɗaci.

Daudawa kuma tata hanya daban ce. Mai daudawa takan dafa kalwa awoyi da yawa, ta surfe ta, ta wanke, ta sake dafawa. Sa'an nan ta rufe ta wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Cikin waɗannan kwanaki wasu ƙwayoyin halitta da ake kira Basilus suke aiki. Su ne ke narkar da sinadaran gina jiki na kalwa, su fid da warin nan mai ƙarfi da ƙamshin da ke gyara miya. A Burkina Faso ana kiran daudawa sumbala. A 2005 masana na can, tare da na ƙasar Danmak, suka ƙirga sinadarai fiye da 100 masu tashi daga cikinta. Sun kuma ga cewa in irin ƙwayoyin ya sake, ƙamshin ma yakan sake. Ga dalili ɗaya da ya sa daudawar wata mace ta fi ta wata, ko da kalwarsu ɗaya ce.

Duk wannan aiki uwaye mata da mahauta sun iya shi tun kaka da kakanni. Masana ba su koya masu ba. Abin da bincike ya ƙara shi ne sanin dalili. Wanda ya san dalili kuwa, in abu ya ɓaci, ya san inda zai gyara.

Darasin tumati

Ƙamshi yana ɓacewa, kuma ba ya sallama in zai tafi. Abin da ya sami tumati a Turai da Amurka ke nan. Shekara da shekaru masu gyaran iri suna zaɓen tumati mai yawan haihuwa, mai girma, mai jure tafiya cikin mota. Ba wanda ya yi niyyar kashe ƙamshi. Ba a dai auna shi ba, don auna shi yana da wuya. A hankali masu saye suka shiga kuka, suna cewa tumatin kanti ya zama kamar ruwa.

A 2017 Harry Klee na jami'ar Fulorida, tare da masana na ƙasar Sin da wasu ƙasashe, suka binciki tumati iri 398, na da da na zamani. Suka tarar sinadaran ƙamshi 13 sun ragu sosai cikin irin zamani. Yanzu ana ta wahalar maido su daga tsofaffin iri. Da tsofaffin irin sun ƙare, da ba inda za a samo su.

Wannan darasi ya shafi Nijar. Ana kawo ma manoma sabon iri na albasa, tumati, tattasai da hatsi. Iri mai yawan amfani abin so ne, ba mai musun haka. Amma in buhu kaɗai ake ƙirgawa, wata rana za a wayi gari buhu ya cika, mai saye kuwa ya juya baya.

Wani tsoro mai dalili

Akwai masu cewa binciken ƙamshi manomi yake cuta. In an san sinadarin, sai a ƙera shi a masana'anta, a daina sayen na gona. Wannan ya taɓa faruwa. Akwai wani tsiro mai suna banila, wanda ake sa ƙamshinsa cikin biskit da alewa. An fi noma shi a tsibirin Madagaskar. A 1874 masana biyu na Jamus, Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann, suka haɗa babban sinadarinsa ba tare da tsiron ba. Yau mafi yawan ƙamshin banila da ake ci a duniya na masana'anta ne. A nan gida ma dunƙulen kanti ya shiga tukwane da yawa inda a da daudawa ce ke sarauta.

Tsoron gaskiya ne, amma rufe ido ba magani ba ne. Ko Nijar ta yi bincike ko ba ta yi ba, wasu suna yi. Kuma binciken nan shi ne ya nuna cewa banilar gona tana da sinadaran ƙamshi masu yawan gaske, ta masana'anta kuwa kusan guda ɗaya ne. Shi ya sa har yanzu ta gona ta fi tsada nesa ba kusa ba. Da na'urar bincike ake kama mai sayar da jabu da sunan na ainihi. Ilimin da ya iya kwaikwayo, shi ne kuma ya iya tona shi.

Abin da ya kamata a yi

Albasar Galmi, ta jihar Tawa, ta yi suna har Abijan da Akara da Kwatano. Ana son ta don ƙarfinta a miya da jimirin ajiya. A 2023 hukumar OAPI, mai kare sunayen kayayyaki a ƙasashe 17 na Afirka, ta ba Nijar takardun shaida a kan albasar Galmi da kilishin Nijar. Wannan ci gaba ne. Amma suna yana ɗorewa ne in kayan bai sake hali ba. Ya kamata a auna, a rubuta abin da ya bambanta albasar Galmi da sauran albasa, a kuma adana irinta na asali.

Wuraren yin aikin suna nan. Akwai INRAN, cibiyar binciken noma da aka kafa a 1975, mai reshe a Tarna kusa da Maradi. Akwai jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'o'in Maradi, Damagaram da Tawa. Abin da suke bukata shi ne kayan aiki, da kuɗɗi, da matasa masu son aikin. Abubuwan bincike kuwa ba su ƙirguwa: daudawar kalwa, daudawar batso da ake yi da ƴaƴan sure, gabu, cuku, tattasan Difa, yajin kilishi. Kuma kada a yi binciken a bayan masu sana'a. Tsohuwar da ta shekara talatin tana daudawa, hancinta ya san ranar da ta nuna. A zauna da ita, a tambaye ta, a kuma koma a gaya mata abin da aka gano, cikin harshenta.

Ɗan lakkol ma yana da nasa rabo, ba sai ya jira na'ura ba. Yana iya rufe ido ya toshe hanci, a ba shi gwaba ko mangwaro, ya ga in zai gane su. Yana iya sansana ɗanyar gujiya da soyayya, ya rubuta bambancinsu. Yana iya tattara kalmomin da Hausa ke da su: ƙamshi, wari, ɗoyi, ƙauri, ƙarni, zarni, hamami. Kowace da ma'anarta, kuma masu bincike suna bukatar irin waɗannan kalmomi in sun zauna bakin bututu. Yaron da ya koyi sansanawa da tambaya da rubutawa ya riga ya fara aikin masana.

Tambayoyi

1. Mi ya sa mai mura ba ya jin daɗin abinci?
2. Don mi ake sa mutum ya zauna bakin bututun na'ura?
3. Mi ya sami tumati a Turai da Amurka? Mi ya jawo haka?
4. Wane tsoro wasu ke yi game da binciken ƙamshi? Wace amsa aka ba su?
5. A tambayi mai daudawa ta unguwa yadda take gane daudawa ta nuna, a rubuta amsarta.