LAFIYA UWAR JIKI: Yadda Ake Koyar Da Likitan Gashin Ciwon Daji

A asibitocinmu, idan an ce za a yi wa mai ciwon daji gashi, sai gaban 'yan uwansa ya faɗi, don suna zaton wuta za a kanga masa. Ba haka abin yake ba. Kuma wannan gashi dabam yake da gashin ƙashi da akan yi wa wanda ya karye ko jikinsa ya shanye. Wani irin haske ne mai ratsa jiki, ido ba ya ganinsa, majinyaci ba ya jin zafinsa sa'ad da ake haska shi, amma yana lalata ƙwayoyin cutar daga ciki. Masana sun yi ƙiyasin cewa wajen rabin masu ciwon daji za su bukace shi a wani lokaci cikin jinyarsu.

To, hasken da ke kashe cuta yana iya ɓata lafiyayyen nama, saboda haka ba kowane likita ake danƙa wa wannan aiki ba. Hanyar tana da nisa. Yaro zai yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda yana gwajin aiki a asibiti, ya ƙara guda ta yi wa ƙasa hidima. Bayan haka sai ya zauna jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 67 a 1979, mazauninta kuma na Ijanikin a Jihar Legas, ko kuwa ta likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma. In ya ci, sai ya nemi gurbi a asibitin koyarwa da kwalejin ta amince da shi.

Zaman nasa a can kashi biyu ne. A kashi na farko yana ƙaramin almajiri, kuma a nan ne da yawa ke shan wuya, don kuwa bayan ilmin sassan jiki da na cututtuka, tilas ya koma wa lissafi da kimiyyar haske, abin da ya yi tsammanin ya rabu da shi tun shekarar farko ta jami'a. Sai ya san yadda hasken ke raguwa yayin da yake shiga jiki, da iyakar abin da laka ko ƙoda ko ido za su iya ɗauka. Sai ya fahimci dalilin da ya sa ba a zuba wa majinyaci maganin gaba ɗaya, ake rarraba shi kaɗan-kaɗan, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai, watau don lafiyayyen nama ya sami damar farfaɗowa tsakanin yau da gobe. A wannan ƙasa kuma, likitan gashi shi ne galibi ke ba da allurar ciwon daji, don haka ita ma sai ya laƙance ta. In ya haye jarrabawar kashi na farko ya zama babban almajiri, ya riƙa tsara magani da kansa, ya yi bincike ya rubuta kundi, sa'an nan ya fuskanci ta ƙarshe. Duka-duka, daga shiga jami'a zuwa ƙwarewa, da wuya a yi ƙasa da shekara 13.

Amma fa duk wannan tsari a kan abu guda ya rataya, watau inji mai aiki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ne ya fara samun injin kobalt a 1973, na Badun ya biyo baya a 1987, daga bisani aka kafa cibiyoyi a Abuja da Zariya da Sakkwato da Inugu da Binin. Kowane irin inji da tasa matsalar. Sinadarin kobalt yakan rasa rabin ƙarfinsa duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, in ba a sake shi ba sai majinyaci ya ninka lokacin da zai kwanta ƙarƙashinsa. Na zamani kuwa, mai aiki da lantarki, ba ya jure ɗaukewar wuta, kuma in ya tsaya sau da yawa sai an jira kayan gyara daga ƙasashen waje.

Ran da injin ya tsaya, mutum biyu ke asara. Matar da ta taso daga Gashuwa ko Yawuri da sankarar mahaifa, aka yi mata mako uku aka dakata, cutar ba ta jiranta, ci gaba take da tsiro. Almajirin kuma ba shi da inda zai koyi aiki, gama ba a koyon ɗinki a bakin tela sai a kan keke. Dole a tura shi wata cibiya can nesa, ya bar iyalinsa, ya tarar da waɗansu irinsa sun yi cincirindo a kan inji ɗaya.

Masu mulki sun fi son ranar yanke zare, da 'yan jarida da masu ɗaukar hoto. Kuɗin kula da injin shekara-shekara, da albashin masanin kimiyyar da ke auna ƙarfin hasken, da ma'aikacin da ke kwantar da majinyaci daidai inda aka zana masa kowace safiya, waɗannan ba su da biki, shi ya sa akan manta da su a kasafi. Alhali kuwa su ne abubuwan da wakilan kwaleji ke dubawa idan sun zo zagaye, kuma cibiyar da aka janye mata amincewa ba ta da ikon ɗaukar sabon almajiri har sai sun komo sun ga an gyara.