Filin Mata: In An Tura Ki Ƙauye Aikin Addini

Maganarmu ta wannan mako a kan matan da ke aikin addini don Allah ne, wato malaman Islamiyya da 'yan agaji da matan malamai, waɗanda suka saba da zaman birni kusa da babban ofishin ƙungiyarsu, ran nan sai a ce su ɗaure kaya su koma ƙauye. Da yawa cikinmu in suka ji an ambaci Bagudo, ko Ka'oje, ko Illo, ko Lolo can bakin iyakar ƙasar Benin, sai gabansu ya faɗi, kamar an yanke musu hukunci. Wata ta yi wata uku ta ce ruwan garin bai karɓe ta ba, ta komo gida. To, wa ya yi hasara? 'Yan matan da suka fara haɗa baƙi, aka bar su da allo a rataye.

Ku sani wannan ƙaura ba yau aka fara ta ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau a 1817, yana da birnin Sakkwato a hannunsa, amma ya kafa ribaɗi a Wurno ya zauna can tare da malamai da almajirai da iyalansu. A can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Ya so makiyaya su zauna, a koya musu karatu da noma da sana'a. Matan da suka bi mazansu zuwa irin waɗannan wurare su ma sun bar dangi da kasuwar da suka sani. Kuma kada mu manta, Shehu Usmanu kansa a Ɗegel ya tara jama'arsa kafin hijira zuwa Gudu a 1804, Ɗegel kuwa ba birni ba ne.

Har a ƙasashen waje haka abin yake. Wata ƙungiyar Kirista, Shaidun Jehobah, daga 1909 babban ofishinta ya kasance a Brooklyn cikin birnin New York a Amurka. A 2016 suka fara kwashe ma'aikatansu na sa kai zuwa Warwick, wuri mai itatuwa da tafki. Wanda ya saba da hayaniyar mota sai ga shi yana kwana da kukan tsuntsaye. Ashe kewar birni ba ta mu kaɗai ba ce.

Abin da nake so ku riƙe shi ne dabarar Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Da ta ga matan ƙauyuka ba su samun karatu, ba ta raina su ba. Ta zaɓi dattijai daga cikinsu ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani, ta koya musu waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa, harsunan da suke ji. Jaji ta zo da 'yan taru su ɗauki karatu, su koma garinsu su koyar. Su ne masu duba marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sulhu tsakanin maƙwabta. Saboda haka aikin bai mutu da mutuwarta ba.

To, ke da za ki ƙasar Bagudo, ga shawarata. Da fari, ki koyi gaisuwa da harshen mutanen. A wannan yanki akwai masu Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci ban da Hausa, wasu 'yan matan da ke ƙetarowa daga Benin kuwa Faransanci suka karanta a makaranta. Tsohuwar da kika gaisar da harshenta, gobe ita za ta kawo miki jikokinta.

Na biyu, kada ki buɗe aji sai kin gai da mai gari da liman, kin shiga wurin uwayen gida da ungozoma. Baƙo ko da idonsa makaho ne, sai ɗan gari ya riƙe masa sanda.

Na uku, ki daidaita lokacin karatu da aikin mutane. Ƙasar bakin kogin Kwara ce, ana noman shinkafa da albasa, ana su, ana kiwo. Wadda ta tashi da asuba ta yi daka, ta kai abinci gona, ko ta ɗauki ƙwaryar nono zuwa kasuwa, ba za ta zauna miki da hantsi ba. Ki tambaye su wane lokaci ya fi musu, ran kasuwa kuma ki ba da hutu.

Na huɗu, ki kula da lafiyarki. Inda fadama take sauro ba ya ƙarewa, sai ki tafi da gidan sauro, ke da yara. Ruwan sha a tace shi a tafasa. Yawancin masu gudowa zazzaɓi da ciwon ciki ne suka kore su, alhali da rigakafi.

Na biyar, ki rage faɗin "a birni kaza muke yi". Su ma suna da abin koya miki, daga ƙyafe kifi har lissafin sefa da naira, wanda wata 'yar talla za ta yi shi da ka kafin ki ɗauko fensir.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka, tun ran da kika sauka ki fara neman jajinki. Ki zaɓi mace biyu ko uku 'yan garin masu hankali, ki ba su karatu na musamman, ki bar su su riƙa jan aji kina kallo. Ke baƙuwa ce, wata rana za a ɗauke ki, su kuwa suna nan.

Ku kuma 'yan makaranta, in lokacinku ya zo aka ce ƙauye, kada ku tura iyaye su je roƙo a canja muku. Allah ya ba mu ladan aikinmu, amin. Sai mako mai zuwa.