Garkar ma'aikata: kafin a nemi kuɗi, a auna ruwa

Duk wanda ya shiga farfajiyar ma'aikatu da lakwal-lakwal, a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya san wannan fili. An taɓa kewaye shi da duwatsu masu farin fenti, an shuka ciyawa a ciki, wataƙila domin zuwan wani babban baƙo. Yau babu komi sai ƙura, leda da ƙarangiya. In an tambayi shugaban wurin, amsarsa guda ce: babu kuɗi cikin kasafi.

Amma ba rashin kuɗi ya kashe garkar ba. An yi ta ne fiye da ƙarfin ruwan da ke akwai. A watan Afrilu da Mayu, ciyawa na bukatar kimanin lita 7 kowace rana a kan murabba'in mita guda. Fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 zai sha lita 700 ke nan, fiye da ganga uku masu cin lita 200, kullum, a lokacin da mata ke kwana bakin pampo suna jiran layi. Shugaban da ya sake buɗe tiyo a kan wannan fili duka, da kuɗin talakawa yake wasa.

Saboda haka aikin farko shi ne a rage filin. A zaɓi ɗan wuri kusa da ƙofa, inda rana ke samu, a bar sauran ga itatuwa. Sai shinge. Akuya guda ta isa ta ɓata aikin wata uku cikin yini ɗaya, alhali ƙaya da karan hatsi ba su fi ƙarfin kowa ba.

Ƙasar da aka daɗe ana takawa ta yi tauri kamar daɓe, ruwa ba ya shigarta. A kafce ta da hauya zurfin taƙi guda, a gauraya ta da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Manoman jihar Tawa sun daɗe suna raya faƙo da tassa da rabin wata, ba su jira injin kowa ba. Abin kunya ne ma'aikacin da ya yi karatu ya kasa abin da suka iya.

Game da iri, ba sai an sayo na gwangwani daga ƙetare ba. Kiri-kiri yana nan kyauta a fadama da bakin tabki. A ciro shi da saiwarsa, a dasa tsakanin taƙi-taƙi bayan damana ta zauna, cikin Yuli, ruwan sama ya yi renon. Yana yaɗo da kansa, yana jure taku. Da rani yakan bushe ya yi fari, amma bai mutu ba. Ruwan farko zai tashe shi. Ruwan alwala da ake zubarwa banza sau biyar a rana, in an yi masa ƴar hanya zuwa garkar, ya isa ya riƙe gefe guda shar.

Sauran filin fa? A duba kututturan da ke tofo kafin a sare su. Daga 1983 ne manoman Maraɗi suka soma sassaben zamani, suna barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture suna datse sauran, har gonaki suka sake cika da itatuwa ba tare da dashe ba. Tun 1975 kuma ake dasa itatuwa kowace ranar 3 ga Ogusta. Da yawansu na mutuwa ne don babu wanda aka ɗora wa alhakinsu. A farfajiyar ma'aikata wannan alhaki yakan faɗa kan mai gadi, wanda ba a ba shi ko da bokiti. A saya masa bokitin da hauya, a rubuta aikin cikin ayyukansa, shugaba kuma ya riƙa leƙa garkar kowace Litinin kafin ya shiga biro.