Gida da Tsafta: Kyanwa Mai Fitsari a Ɗaka

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata matsala da ake gani ƙarama, amma ta sha haɗa maƙwabta faɗa a gidajenmu na haya, wato kyanwa mai fitsari a kan tabarma, ko katifa, ko dardumar salla.

A da, tsakar gidanmu ƙasa ce, kyanwa takan tona rami ta yi abinta ta binne. Yau kuwa a unguwanninmu na Yawunde da Duwala an shafe ko'ina da siminti, ga shi kuma ba mu iya rabuwa da ita saboda ɓeraye. Dole ke nan a ajiye mata tasa ko kwano da yashi a ciki. To, in aka ga ta bar kwanon ta koma kan shimfiɗa, sai a ce mugunta ce, a ɗauki tsintsiya a bi ta da duka. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kyanwa ba ta san ramuwa ba, akwai dalili, kuma duka ba ya kawar da shi.

Dalili na farko da ya kamata a duba shi ne ciwo. In mafitsararta ta kumbura, ko tsakuwa ta taru a ciki, fitsari yakan yi mata zafi, sai ta ɗauka kwanon ne ke cutar da ita, ta guje shi. Alamominsa su ne yawan tsugunawa, da fitsari ɗigo-ɗigo, da kuka, wani lokaci har da jini. Tsohuwar kyanwa mai yawan shan ruwa da yawan fitsari kuwa, ana jin tsoron ciwon ƙoda ko na sukari. A kula ƙwarai da muzuru: hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya. In yana yunƙuri babu abin da ke fitowa, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, domin cikin kwana 2 ko 3 yana iya mutuwa. Kada kuma a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta.

Dalili na biyu shi ne kwanon kansa. Kyanwa dabba ce mai ƙyanƙyami. A riƙa kwashe ƙazantar kullum, a canza yashin duka a wanke kwanon sau ɗaya a mako. Kwanon ya zama mai faɗi yadda za ta iya juyawa, yashin mai laushi, zurfinsa kamar yatsu 3. A ajiye shi a lungun da babu hayaniyar yara, nesa da abincinta. In kyanwowi 2 ne a gida, likitoci sun ce a ajiye kwano 3, domin mai ƙarfi kan tare wa mai rauni hanya.

Na uku shi ne shata iyaka. Muzurun da ya balaga, wajen wata 6 da haihuwa, yakan juya wa bango baya, ya ɗaga wutsiya ya fesa fitsari kaɗan, don sanar da sauran muzurai cewa nan gidansa ne. Maganin wannan shi ne fiɗiya a hannun likita, yadda ake yi wa bunsuru, kuma galibin muzurai sukan daina. Sauya gida, ko zuwan baƙuwar kyanwa, su ma kan jawo haka.

Sai batun wanki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa jikin kyanwa da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne, amma fitsarinta najasa ne, dole a wanke kafin a yi salla a wurin. A tsane shi da tsumma, a wanke da omo da ruwa mai yawa, a shanya a rana. In wari ya rage, za ta sake komawa wurin. Kada a zuba ruwan jabel kai tsaye a kan fitsarin, haɗuwarsu na tayar da iska mai cutar da huhu. Mace mai ciki kuma kada ta kwashe yashin, saboda a kashin kyanwa akan sami ƙwayar cutar da ke yi wa ɗan tayi lahani.

Mu tuna, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana, haƙƙin maƙwabci kuma yana nan. Kafin a jefar da ita a bola, a duba lafiyarta, a duba kwanonta.

Allah ya ba mu ikon kiyayewa. Sai mun sadu a wata mai zuwa.