Shakespeare a Ajin Sakandare

Daga 2016 zuwa 2020 ɗaliban adabin Turanci masu rubuta jarrabawar WAEC sun sha fama da Othello, sannan aka ɗora wa na bayansu A Midsummer Night's Dream. William Shakespeare ya rasu tun 1616, kuma Turancinsa kan ba 'ya'yan Ingila ma ciwon kai, balle yaron Gusau.

Abin da aka saba gani shi ne malami yana bayani layi-layi, ɗalibai suna kwafa, daga baya a sayi ɗan littafin taƙaitawa a haddace wa ya faɗi me. Alhali don dandali aka rubuta wasannin. A zamanin Shakespeare, a gidan wasa na Globe da ke Landan, talaka kan biya kwabo ɗaya ya kalla a tsaye. Duk ranar da aka ture bencina aka raba wa yara rawar da za su taka, mai kallon Kannywood ba ya buƙatar a gabatar masa da Iago na cikin Othello, munafukin da ya shiga tsakanin miji da mata.

Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night na Shakespeare zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu tun 1971. Ya kamata makarantu su nemo littafin.